Man taransifoma ya jure bugu mai sauri, ashe da ruwa a cikinsa

Har yau raina bai daina ɓaci ba kan duro biyu na man taransifoma da na ce a ɗura wa taransifoma a watan Agusta nan Sakkwato. Gwaji na yi, amma da bugun wutar lantarki da bai dace ba.

Injin gwajin mai yana wurin gyara, sai na jawo ɗan janaretan Marx, na'urar da ke sakin wuta mai ƙarfi a bugu ɗaya, da muka haɗa a ɗakin aiki. Hawa biyar ne, kowace kafasita (ma'ajiyar caji) ana caja ta kilobolt 16, su haɗu su saki kusan 80 lokaci ɗaya. Bugun irin na tsawa ne, ya hau cikin mikirosakan 1.2 (mikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa), ya sauko rabi a mikirosakan 50. Na sa tazarar milimita 2.5 tsakanin ƙarafa biyu na cikin kofin gwaji, na buga sau goma, ko tartsatsi ɗaya ban gani ba. Na ce mai lafiya lau.

Da injin ya dawo na bi IEC 60156, ƙa'idar duniya ta gwajin irin wannan mai: a bar mai ya kwanta minti 5, a ɗaga wutar AC (irin ta layin gida) kilobolt 2 kowace daƙiƙa har tartsatsi ya tsallaka, a maimaita sau shida da hutun minti 2. Matsakaicin ya tsaya a kilobolt 21. Sabon mai ko ba a tace ba bai kamata ya gaza 30 ba.

Abin da na manta shi ne lokaci. Ɗigon ruwa da zaren tsumma ko takarda ba sa karya mai nan take. Sai wutar ta ja su, su yi layi tsakanin ƙarafan biyu kamar gada, sannan tartsatsi ya bi ta kansu. AC na ba su wannan damar. Bugun da ya wuce cikin mikirosakan kuwa, kafin zare ya motsa ya tafi. Shi ya sa jiƙaƙƙen mai ke jure bugu mai sauri kusan kamar busasshe, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin shaida.

Durorin a tsaye suka kwana waje cikin damina, ruwa ya taru a kan murfi, sanyin dare ya tsotse shi ciki. A kwantar da duro, a ƙarƙashin rumfa.

  

Sai da muka zuƙe man gaba ɗaya, muka zagaya da shi ta injin tacewa a digiri 60 tare da zuƙe iska, muka sauya silika jel ɗin, mai tsotse danshin iska, da ya riga ya canza launi. Kwana uku da kuɗin dizal, duk a kan bugu goman nan. Gwajin ƙarshe da AC ya ba da kilobolt 64.