Daga Holan: Amsar masu tambaya kan takalmin tafiyar keke

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina gaida kowa, manya da yara. Zan taƙaita gaisuwar, domin tun da na sa hoton kekena da jakunkuna a bakin kogin Rhine saƙonni suka ƙi ƙarewa. Wannan ya ce nawa keken yake, wancan ya ce a ina nake kwana, wani kuma ya ce wai da gaske ne takalmina yana manne da feda? Duk zan taɓa su, amma da takalmin zan fara.

A nan kekuna sun fi mutane yawa. Wurin ajiye keke na tashar jirgin ƙasa ta Utrecht kaɗai yana ɗaukar 12,500. Amma ba za ka ga mai zuwa aiki ya sa wani takalmi na musamman ba. Mace da mai tsininta, dattijo da sau-cikinsa, kowa na taka feda. Maganar takalmi tana tasowa ne idan tafiyar ta kwanaki ce, irin hanyar keke ta EuroVelo 15 da ke bin Rhine tun daga Andermatt a Suwizalan har Hoek van Holland, sama da kilomita 1,200. Silifas ɗin da ke kai mutum gona a kan Raleigh bai yi laifi ba, sai dai tafinsa yana lanƙwashewa a kan feda, kuma idan aka wuni ana takawa, tsakiyar ƙafa za ta ɗauki zafi, yatsu su yi minjirya.

Mai shago zai so ya nuna maka takalmin 'yan tsere, don shi ne mai sheƙi. Ka wuce shi. Tafinsa ba ya lanƙwasa ko kaɗan, kuma abin da ke kama feda yana waje, an ɗaure shi da ƙusa uku. Da ka sauka sai ƙwas-ƙwas da santsi. Matafiyi kuwa kullum cikin sauka yake: ya sayi burodi, ya tura keke mai kaya ya hau jirgin fito, ya taka matakala. Wanda ya dace shi ne irin na SPD, wanda kamfanin Shimano ya fito da shi a 1990. Ɗan ƙarfensa mai kama feda na ƙusa biyu ne, yana lume cikin tafin, ka yi tafiyarka a ƙasa lafiya lau. E, yana kama feda, sai ka murɗa diddige waje ya saki. Sabon shiga ya sassauta maƙallin da ke jikin fedar, ya gwada a kan ciyawa tukuna. Kuma ba dole ba ne. Da yawa sun keta Turai da feda mai faɗi da kambas mai ƙarfin tafi.

Ƙafa tana kumbura idan aka wuni a kan keke, don haka a je gwaji da yamma, da safar da za a yi tafiyar da ita. In yatsu ba sa motsi a ciki, a ajiye shi komai arharsa.

Yanzu sanyi. Jama'a, wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba. Hunturunmu busasshe ne, ya fasa maka leɓe da diddige, hantsi ya yi ya sake ka. Na nan jiƙaƙƙe ne. Yayyafi ne siriri da ba ya ɗaukewa, ga iska daga Tekun Arewa, ƙasar kuma shimfiɗe take, babu tudun da zai tare maka ita. Jiki yana aiki yana zufa, amma yatsun ƙafa suna zaune wuri guda suna shan iska, su ne farkon mutuwa. Sai ka sauka ka ji kamar ƙafar aro ce. Ɗan ƙarfen nan ma yana jawo sanyi daga ƙasa, ramukan ƙusoshinsa suna tsotso ruwa idan ba a liƙe su ta ciki ba. Mutum zai ce bari ya ninka safa, to in takalmin ya matse, jini ya daina zagayawa, sanyin ƙaruwa yake. Safa ɗaya ta ulu ta fi ukun auduga, domin ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Takalmin da aka ce ruwa ba ya ratsa shi kuma, ruwan ta ƙwauri yake gangarowa ya cika shi, ya rasa mafita. Gara a sayi rigar takalmi ta roba da ake sawa ta sama a zuge. Da dare a cire shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar jarida ta tsotse danshin. Kada a ɗora shi kan na'urar ɗumama ɗaki, zafi yana sakin gam.

Akwai abin da mai shago ba zai tuna maka ba: alwala. Za ka cire takalmin nan ka mayar a bakin hanya, hannu a ƙandare. Maɗauri mai mannewa ya fi sauri. Igiya kuma ko'ina ta tsinke za ka sami wata, amma a cusa bakinta kada sarƙa ta kama. Irin mai ɗan murɗi da siririyar waya yana da daɗin ɗauri, sai dai in ya lalace a ƙauye ka shiga uku. Ni ina ajiye ɗan tawul a jakar gaba, don ƙafa mai danshi a cikin safa ita ke kawo bororo.

Su Malam masu son gwadawa daga Kano zuwa Zariya ko Maraɗi zuwa Zinder, ku naku yaƙin da zafi ne. Akwai sandal mai ƙarfin tafi da aka yi don keke, iska tana ratsa ƙafa, alwala ba wahala. Ko takalmin taya mai maɗauri a diddige ya fi silifas nesa ba kusa ba.

Kuɗin keke ya danganta da sabo ko na hannu. Wurin kwana kuwa, tanti ne a filayen da aka keɓe don haka, domin a Holan doka ta hana kafa shi ko'ina. Sauran bayanin sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku,
ɗan uwanku a Utrecht