Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Limoniyar da ta kama ɗana kafin suna

Assalamu alaikum 'yan uwa, makon jiya mun tsaya inda faya ta fashe min cikin dare alhali cikin bai kai wata tara ba. To ga abin da ya biyo baya, dan Allah duk mai ciki ta karanta da kyau.

Faya ta fashe amma naƙuda shiru. Inna, uwar mijina, ta ce a jira ungozoma ai ruwa ne kawai, ita ma haka ta haifi nata duka. Aka kwana aka wuni, zazzaɓi ya rufe ni, sai da yamma na haihu a gida, yaro ɗan mitsitsi bakwaini, da aka auna shi daga baya ko kilo 2.5 bai kai ba. Ga shi hunturu ne, aka kawo kaskon gawayi ɗaki aka rufe taga aka saki bargo a ƙofa wai kar sanyi ya kama shi, ga hayaƙin itacen wankan jego yana shigowa daga tsakar gida, ga 'yan barka cike da ɗaki kowa sai ya ɗauka ya gani, wata ma tari take ta yi a kansa. Dakashi kuwa matse shi aka yi aka zubar wai ba shi da kyau, aka riƙa ɗura masa ruwa.

Kafin suna ya daina kama nono. Numfashi sama-sama, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa duk ya ja iska, yana wani irin nishi da har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Babansa ya ce, Inna ki yi haƙuri asibiti za mu.

Nas ta ƙirga numfashinsa da agogo, ta ce jaririn da bai kai wata biyu ba in ya kai 60 a minti ɗaya ba a jira. Likita ya ce limoniya ce, kuma tambayarsa ta farko, Hajiya awa nawa tsakanin fashewar faya da haihuwa? Ya ce in ya wuce awa 18 ƙwayoyin cuta suna iya hawa su shiga ruwan da jariri ke ciki, tun a ciki yake ɗauko ciwon, balle uwa ta yi zazzaɓi, ga bakwaini huhunsa bai yi ƙwari ba. Dakashin nan da aka zubar shi ne garkuwarsa ta farko, don allurar rigakafin limoniya sai ya kai sati 6 ake fara ta.

Inna ta ce, likita ba sanyi ba ne kenan? Ya ce Mama ɗumi yana so tabbas, amma ɗumin ƙirjin uwarsa fata da fata, hayaƙin gawayi ƙara wahalar da huhun yake yi. Wallahi ban ga laifinta ba, abin da ta taso ta gani ta yi, kuma ita ta fi kowa kuka da aka saka masa oksijin da allura ta jijiya.

Yadda muka yi da kuɗin magani, da yadda aka raɗa suna muna kwance a asibiti, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.