Asabar, 26 ga Afrilu 2025: Lamba ta 144

Sai da aka shiga zagaye na biyar yau kafin wata ƙungiya ta kira sunan Shedeur Sanders, ɗan wasan ƙwallon Amurka na Jami'ar Colorado da aka yi tsammanin za a ɗauka tun a zagaye na farko. Cleveland Browns ce ta ɗauke shi a lamba ta 144, bayan ta miƙa wa Seattle gurabenta biyu, na 166 da na 192, domin ta matso gaba. A falon Yaya labarin ya same mu bayan azahar, muna tsakiyar cin shinkafa da wake, kuma ihun da yara suka yi ya sa Anti ta leƙo daga kicin tana tambayar ko lafiya. Tun daren Alhamis da aka buɗe zaɓen sababbin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a garin Green Bay ake jiran wannan suna, an wuce zagaye na farko, an wuce na biyu da na uku jiya Juma'a, ga shi yanzu ya faɗo a nan jiharmu ta Ohio.

Murnar ba ta daɗe ba, domin ni da Yaya mun shiga gardamar da ta cinye mana yammacin gaba ɗaya, kuma har yanzu da nake rubutu ba ta bar raina ba.

Ni na fara tsokano ta. Na ce abin da aka yi wa yaron nan bai yi kama da auna gwaninta ba, ya fi kama da ladabtarwa. A kakar bara a Jami'ar Colorado, kashi 74 cikin ɗari na ƙwallayen da ya jefa sun isa hannun abokan wasansa, ya jefa na ci 37, kuma jifansa ya haura yadi 4,000. Ƙungiyar da ta ci wasa ɗaya tak a 2022, kafin zuwansa da mahaifinsa, wanda ya karɓi aikin horar da ita, ita ce ta ci wasanni tara a 2024. Duk da haka an ɗauki kwatabak biyar, wato masu jefa ƙwallo da jagorantar hari irinsa, kafin shi: Cam Ward a lamba ta ɗaya, Jaxson Dart a ta 25, sai Tyler Shough, da Jalen Milroe, da Dillon Gabriel, wanda ita kanta Cleveland ɗin ce ta ɗauka jiya a lamba ta 94. Na tambayi Yaya ko da gaske akwai wanda zai dafa Alƙur'ani ya ce duk waɗannan biyar sun fi shi iya jifa.

Yaya ya ajiye cokali ya ce, “Ƙanena, kana magana kamar kyauta ake rabawa. Ba ladan abin da yaro ya yi a jami'a ake biya ba, abin da ake tsammanin zai yi gobe ake saye.” Daga nan ya jero hujjojinsa a natse, yadda ya saba. Abokan hamayya sun kayar da Shedeur da ƙwallo a hannu sau 52 a 2023, sau 42 kuma a 2024, kuma a ganin Yaya ba duka ne laifin masu tsaronsa ba, domin yaron yana da ɗabi'ar riƙe ƙwallo yana ja da baya maimakon ya rabu da ita. Bai yi jifa ba a taron gwaji na Indianapolis, inda ƙungiyoyi ke auna samari kafin zaɓe. An kuma yi ta yaɗa rahotanni daga bakin masu horarwa da ba su yarda a ambaci sunayensu ba cewa ganawarsa da wasu ƙungiyoyi ba ta yi armashi ba. Sannan ga mahaifinsa, Deion Sanders, wanda tun bara ya fito fili ya nuna cewa akwai garuruwan da ba zai yarda ɗansa ya je ba, kamar yadda Eli Manning ya ƙi San Diego a 2004.

Hujjarsa da ta fi ƙarfi ita ce ta ɗan benci. Ya ce da zarar ƙungiyoyin da ke neman kwatabak na farko sun yanke cewa ba shi ba ne, sauran duk ɗan jiran ko-ta-kwana suke nema, kuma babu mai horarwar da ke son ɗan benci wanda 'yan jarida za su riƙa tambaya a kansa bayan kowane wasa. Saboda haka faɗuwar ba hawa-hawa take ba. Wanda ya kuskure wa sahun farko yana iya gangarawa har ƙasa a lokaci guda. Wannan magana tana da ma'ana, kuma ban musa ta ba. Inda muka rabu shi ne da ya rufe da cewa ƙungiyoyi 32, kowace da likitocinta da masu bin 'yan wasa jami'a-jami'a duk shekara, ba za su haɗu a kan kuskure ɗaya ba.

Sun sha haɗuwa a kansa kuwa. Na kawo Tom Brady, kamar yadda kowa ke yi a irin wannan rana: lamba ta 199, zagaye na shida, shekarar 2000, kwatabak shida a gabansa, daga baya ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, sau bakwai. Yaya ya yi dariya ya ce duk wanda ya rasa hujja sai ya ɗauko Brady, kuma da New England ta san abin da ke hannunta ba za ta bari ya kai zagaye na shida ba, sa'a ce kawai ta faɗo mata. Na ce ai wannan ita ce maganata, shi ne ya faɗe ta da bakinsa. Na ƙara masa da San Francisco, wadda ta sadaukar da gurabenta na zagayen farko na shekaru uku domin ta hau lamba ta uku ta ɗauki Trey Lance a 2021, sannan a 2023 ta sallama shi ga Dallas a kan gurbi ɗaya na zagaye na huɗu, saboda Brock Purdy, wanda ta ɗauka a lamba ta 262, ta ƙarshe ƙaf a 2022, ya ƙwace aikin. Purdy ne ya kai su wasan ƙarshe a Fabrairun 2024. Ofis ɗaya, mutane ɗaya, su ne suka yi waɗannan zaɓuɓɓuka biyu. A 2017 kuma Chicago ta ɗauki Mitchell Trubisky a lamba ta biyu, Cincinnati ta ɗauki John Ross a ta tara bayan ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.22, sai Patrick Mahomes, wanda daga baya ya fi su fice nesa ba kusa ba, ya zo a ta goma. Lamar Jackson, mai kyautar Heisman ta 2016, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'a, shi ne na 32 a 2018, bayan wasu masana sun ba shi shawarar ya bar jifa ya koma mai cafke ƙwallo. Sau biyu ke nan ana zaɓensa gwarzon gasar.

Da na ga misalai ba za su raba mu ba, domin kowa yana da nasa a aljihu, sai na koma ga binciken Cade Massey da Richard Thaler, wanda ya fara fitowa a 2005. Sun duba zaɓuɓɓukan shekaru masu yawa suka tambaya: idan aka ɗauki 'yan wasa biyu masu matsayi ɗaya a fili, ɗaya na bin ɗaya, sau nawa na farkon yake fin na biyun? Amsar ta ɗara rabi da ƙyar. Sun kuma nuna cewa ƙungiyoyi suna biyan tsada fiye da kima domin hawa sama, suna bin jadawalin nan da aka ƙirƙira a Dallas zamanin Jimmy Johnson, wanda ya ba lamba ta ɗaya maki 3,000, ta 16 kuma maki 1,000, kamar dai akwai tabbacin cewa na farkon ya ninka na sha shidan sau uku. Thaler ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, na tuna wa Yaya, ko hakan zai sa ya sassauta.

Bai sassauta ba. Ya haɗa ni da wani sanannen mai sharhin zaɓen ya ce, “To, idan masu aikin ba su sani ba, kai da Mel Kiper da yake ta kumfar baki a talabijin tun Alhamis ku ne kuka sani?” Nan ya kama ni da kyau, kuma yara suka yi ta tafi. Amma ban ce na san Shedeur zai yi fice ba. Yana iya zama kamar Troy Smith na Jami'ar Jihar Ohio da ke nan garinmu, wanda ya ci Heisman a 2006, aka ɗauke shi a zagaye na biyar, bai kuma taɓa zama tauraro a NFL ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne yadda jama'a suke karanta lamba 144 kamar hukuncin alƙali a kan halin yaro, har ana cewa girman kai ne ya ja masa, alhali masu sanya lambar da kansu hasashe suke yi, kuma ba sa sanya sunansu a kan abin da suke faɗa wa 'yan jarida.

Kawu bai sa baki ba duk tsawon wannan lokaci, yana kishingiɗe da carbinsa. Ba ya bin ƙwallon Amurka, kuma har gobe bai ga dalilin kiran ta ƙwallon ƙafa ba. Sai da autan Yaya ya nuna masa hotunan taron gwaji a waya, inda samari ke tsaye da gajeren wando ana auna tsayinsu da faɗin tafin hannunsu da tsawon damtsensu, ana ƙirga sau nawa za su ɗaga ƙarfe mai nauyin fam 225, sannan ya miƙe zaune. Ya ce shi ya san wannan wuri, kara ce, irin ta Maigatari inda ya yi dillanci yana saurayi: a buɗe baki a duba haƙori, a taɓa tozo, a sa dabba ta taka a gani, dillali kuma ya kushe abin da yake so domin farashi ya sauko. Ya tambaya ko yaran suna da ta cewa a kan inda za a kai su. Yaya ya ce a'a, ƙungiyar da ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓa, kuma wanda aka kira can zai tafi. Kawu ya ce, “Allah ya kyauta,” ya koma ya kishingiɗa.

Daga nan raha ta gudu daga falon, aƙalla a wajena. Na daɗe ina kallon wannan biki na kwana uku a matsayin nishaɗi, da kwat masu walƙiya da iyaye mata suna kuka, amma tambayar Kawu ta sa na riƙa lissafin abin da lambar take nufi ga mai ita. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, lambar da aka kira mutum ita ce take yanke albashinsa na shekara huɗu, babu wani ciniki na kirki. Sam Bradford, na ɗaya a 2010, ya sa hannu a kan dala miliyan 78, miliyan 50 daga ciki tabbatattu. Cam Newton, na ɗaya a shekarar da ta biyo, miliyan 22 ya samu. An yi haka ne domin kada a sake zuba dukiya a kan wanda bai buga ko wasa ɗaya ba, kamar yadda aka yi da JaMarcus Russell a 2007, kuma tsofaffin 'yan wasa sun amince saboda kuɗin ya dawo gare su. Waɗanda aka rage wa kuwa ba su cikin ɗakin, suna jami'a a lokacin. A bana, na sahun farko za su samu sama da dala miliyan 40, shi kuwa na 144 ba zai kai miliyan biyar ba. Shedeur ɗan mai kuɗi ne, kuma tun da aka halatta wa 'yan wasan jami'a cin kuɗin talla a 2021 ya tara nasa, don haka ba shi nake tausaya wa ba. Ina tunanin yaron da babu wanda ya san sunan mahaifinsa, wanda magana ɗaya daga bakin wani da ba a ambata ba za ta iya gangarar da shi zagaye biyu, kuma babu tashar da za ta yi kwana uku tana yi masa kuka.

Masu gudu da ƙwallo su ne suka fi cutuwa da wannan tsari, domin shekarunsu mafi kyau su ne na kwantiragin farko mai araha, kuma kafin su kai ga na biyu gwiwa ta fara gajiya. Shi ya sa na ji daɗin ganin Ashton Jeanty na Boise State, wanda ya yi gudun yadi 2,601 a bara, ya tafi Las Vegas a lamba ta shida ranar Alhamis. Yaya yana ganin ɓarnar gurbi ce. Ba mu buɗe wannan babin ba, don Anti ta riga ta fara kwashe kwanuka da ƙarfi.

A Cleveland a wannan Afrilu na 2025, kwatabak ɗin da ake da su sun haɗa da Joe Flacco, da Kenny Pickett, wanda shi ma aka yi ta surutu a kan ƙanƙantar tafin hannunsa a 2022, da Gabriel, da Shedeur, ga kuma Deshaun Watson yana jinyar agara. Yaya ya ce Flacco ne zai fara wasan farko a Satumba, kuma a nan ban yi masa gardama ba.

Da na dawo gida bayan magariba na tarar an rufe zaɓen a lamba ta 257, New England ta ɗauki Kobee Minor na Memphis. A daren nan wayoyin waɗanda ba a kira ba suke ta ƙara, ƙungiyoyi suna zawarcinsu, kuma su ne kaɗai a cikin wannan aji suke da damar duba inda ake da gurbi su zaɓa da kansu, duk da cewa kuɗin kaɗan ne kuma yawancinsu ba za su wuce sansanin horo na Agusta ba. Ta wannan ƙofa Kurt Warner da Tony Romo da Antonio Gates suka shigo, duk kuma suka zama taurari. Na tura wa Yaya sunayen uku ta WhatsApp, ya karanta, ya amsa da cewa in kawo masa jerin dubban da suka shigo ta ƙofar aka sallame su, mu ci gaba gobe bayan la'asar.