Jinyar Abban Ummi bayan gasa masa kai da na'ura

Masu kirana suna tambayar jikin Abban Ummi ban ɗauka ba, dan Allah ku yi haƙuri, wayar ce ba ta zama a hannuna kwanakin nan. Jiki alhamdulillah, an gama gashin, wato haska ciwon daji da na'ura (radiotherapy), muna gida.

Ga wanda bai san mafarin abin ba, wani baƙin tabo ne a tafin ƙafarsa wajen diddige, ya ƙi warkewa har ya fara jini. Aka yanka aka kai gwaji, aka ce melanoma ne, dajin fata. Yawancinmu ciwon Turawa muke ɗaukarsa, ashe mu baƙar fata a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce ya fi fito mana, inda rana ma ba ta bugu. Daga baya sai ciwon kai da amai da asuba, hannun hagu ya yi masa nauyi, da aka yi hoton MRI aka ga ya kai ƙwaƙwalwa, kuma ba wuri ɗaya ba.

Likita bai ɓoye mana komai ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce in wuraren kaɗan ne ana iya saita na'ura a kansu kawai, amma namu da yawa, don haka kan gaba ɗaya za a gasa, yawanci sau 10 ake yi cikin mako biyu, Litinin zuwa Juma'a. Ya kuma ce ba don a kashe ciwon ba ne, don a danne shi ne ya samu sauƙi. Wuraren da ke da na'urar a Arewa ba su da yawa, Abuja da Zariya da Sakkwato aka fi sani, to duk wadda za ta je ta fara neman gidan da za su sauka.

Kafin a fara sai da aka yi masa wata ragar roba, ana ɗumama ta a ɗora a fuska ta bi siffar fuskar ta sandare, kullum ita ake maƙala wa gado don kar kan ya motsa. Ba zafi, ba a ma daɗewa, ni ina waje a kan benci da carbi. In ya fito za ki ga sawun ragar ƙanana-ƙanana a goshinsa. Ya ce shi Hasbunallahu yake ta ja har a kwance shi.

Ranar farko da muka koma masauki Hajiya ta sa aka ware masa kwano da kofi, ta ce kar Ummi ta hau cinyarsa. Na san tsoro ne da ƙauna, amma na ga yadda fuskarsa ta canza. Sai na ce "Hajiya, na tambayi likita, ya ce hasken ba ya zama a jikinsa, da an kashe na'ura shi ke nan, ko jariri zai iya ɗauka." Ta yi shiru, can ta ɗauko Ummi da kanta ta ɗora masa.

Abin da nake so matan da ke wannan jinyar su ji da kyau shi ne maganar dexamethasone, ƙwayar da ake bayarwa don rage kumburin ƙwaƙwalwa. Tana aiki wallahi, ciwon kan ya lafa da wuri. Amma mutumin da tun da na aure shi ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba, sai ga shi yana min tsawa a kan shayi ya huce, cikin dare ba barci yana neman ɗumame, fuska ta kumbura, sukari ya hau sai da muka sayi abin gwaji, baki ya yi fari-fari yana masa zafi. In ba a faɗa miki ba za ki ɗauka ya gaji da ke ne ko ciwon ya taɓa hankalinsa, ki shige banɗaki kina kuka. Maganin ne. Wata asuba yana sallah a zaune, da ya idar ya ce "Maman Ummi ki yafe min, ni kaina ban gane kaina ba." Kuma komai wuya ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Sumar ta zube bayan an gama, fatar kan ta yi duhu tana ƙaiƙayi, sai hula mai laushi da sabulun jarirai, ba ruwan zafi ba shiga rana. Gajiyar kuwa ta fi ta lokacin gashin, yini yake yana barci, an ce mana takan ɗauki makonni. Makullin mota yana wurin ƙaninsa saboda tsoron jijjiga, kuma kowa a gidan na koya masa: in ta zo a kwantar da shi a gefensa, kar a danne shi, kar a tura cokali a baki.

'Yan dubiya mun gode, Allah ya bar zumunci. Addu'a da tofi da zamzam hannu biyu muke karɓa, amma jiƙe-jiƙe da garin magani ba na ba shi sai likita ya gani, duk wanda ya ji haushi ya yi haƙuri.

Yana son labarin Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da ya yaƙi kurkunu har a ƙauyukanmu. A 2015 irin wannan ciwon ya kai masa ƙwaƙwalwa, aka gasa aka haɗa masa da allurar Keytruda, ya rayu har shekara 100. Allurar akwai tsada sosai, kuma ba kowa take yi wa aiki ba, yayyen Abban Ummi dai suna ta shawara a kai kafin mu koma a sake hoto.

Mai son zuwa ya zo bayan la'asar, lokacin ya fi jin ƙarfi, kuma mai mura ya bari sai ya warke.