Emporia Gazette: jaridar da ta wuce shekara ɗari a hannun gida ɗaya

A jihar Kansas ta ƙasar Amurka akwai wani gari mai suna Emporia, wanda mazaunansa ba su kai dubu 30 ba, amma jaridarsa, Emporia Gazette, ta yi sunan da jaridun manyan birane da dama ba su yi ba. An kafa ta a 1890. A 1895 wani matashi haifaffen garin, William Allen White, ya ci bashin dala 3,000 ya saye ta, yana ɗan shekara 27.

Ba a jima ba sunansa ya zagaye ƙasar. A 1896 ya rubuta sharhi mai zafi a kan 'yan jam'iyyar Populist na jiharsa, sai jam'iyyar Republican ta buga shi da yawa ta rarraba a lokacin yaƙin neman zaɓen ɗan takararta na shugaban ƙasa, William McKinley. Da ya so, da ya tattara ya koma babban birni, amma ya zauna a Emporia har rasuwarsa a 1944.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rikicin 1922, lokacin da ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki. Gwamnan jihar, Henry Allen, wanda aminin White ne, ya hana kafa allunan goyon bayan masu yajin aikin, shi kuwa White ya kafa nasa a tagar ofishin jaridar da gangan. Aka ba da sammacin kama shi, daga baya aka yi watsi da ƙarar, kuma sharhin da ya rubuta a kan 'yancin faɗin albarkacin baki ya samo masa Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, a 1923. A ganina, bai iya yin haka ba sai don shi ne edita kuma shi ne mai jaridar: babu wani maigida a nesa da zai tsawata masa don gudun ɓacin ran gwamna. A 1924 ma ya tsaya takarar gwamna ba tare da jam'iyya ba, musamman don ya yaƙi ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan. Bai ci zaɓen ba.

Bayan rasuwarsa ɗansa, William Lindsay White, wanda ya yi aikin aiko da labarai daga fagen Yaƙin Duniya na Biyu, ya gaje shi har 1973. Daga nan matarsa Kathrine ta riƙe jaridar, sannan 'yarsu Barbara da mijinta David Walker, sannan ɗansu Christopher White Walker. Gado ba ya tabbatar da gwaninta, kuma jaridar ba ta sake yin amo irin na zamanin mai gidan na farko ba, amma masu ita sun ci gaba da zama cikin mutanen da suke ba wa labari.

Ƙananan jaridu da yawa a Amurka ba su samu haka ba. Da intanet ta janye kuɗin talla, iyalai da dama sun sayar wa manyan kamfanoni, waɗanda sukan rage ma'aikata su haɗe ofisoshi. A 2019 kamfanonin GateHouse da Gannett suka haɗe, inda jaridun kullum fiye da 250 suka koma ƙarƙashin shugabanci ɗaya.