Kwafe Rubutun Makiyayan Bask daga Jikin Itacen Aspen

A tsaunukan arewacin Nevada ta Amurka nake aikin kwafe rubutun da makiyayan tumaki 'yan ƙabilar Bask suka bari a jikin itatuwan aspen. Daga kan iyakar Sifaniya da Faransa suka zo, suna kiwon bazara su kaɗai a kan tudu har zuwa shekarun 1970. Da bakin wuƙa ko ƙusa suke karce farin ɓawon: suna, shekara, garin haihuwa, wani lokaci "Gora Euskadi", wato "Ƙasar Bask ta ɗore" a harshensu. Karce marar zurfi shi ne ke warkewa ya zama baƙin tabo mai karantuwa. Wanda aka yanka da zurfi kuwa buɗewa yake yi ya dagule.

Kayan aikina farin yadin akoko, sandar baƙin kaki, igiya, tef ɗin awo da kyamara. Hoto nake fara ɗauka, da sassafe, lokacin da rana ke haskowa ta gefe, domin hasken tsakar rana yana shafe tabon. Rubutun yakan zagaye gangar itacen, saboda haka hoto ɗaya ba ya isa; uku ko huɗu nake ɗauka, kowanne ya ɗan hau kan na baya. Sai in auna kewayen gangar, in rubuta inda itacen yake da GPS.

Wurin yadin ne aka fi yin ɓarna. A naɗe shi a jikin gangar ya miƙe sarai, a ɗaure sama da ƙasa da igiya, kada a soka fil, don ta rauni ƙwayar cuta ke shiga aspen. In yadin ya goce ko kaɗan, haruffa sai su fito bibbiyu. Da gefen kakin ake goga yadin, a hankali, ta fuska ɗaya, har tabon ya fito a jikinsa. In aka danna, busasshen tabon yana farfashewa, kuma ba ya gyaruwa. Ɓawo mai laima ba ya ba da komai, sai an jira ya bushe.

Karatun ma sai da lura. Itace faɗi yake ƙarawa, don haka haruffa sukan baje ta gefe, 3 ta yi kama da 8.

Aspen ba safai yake wuce shekara 100 ba. Shi ya sa yanzu nake farawa da itatuwan da suka soma bushewa, waɗanda ɓawonsu ke saɓulewa, in bar masu ɗanyen ganye sai zagaye na gaba.