Nonon bazara tun kaka ake tanadinsa

Ina da ƙaramar gonar shanun tatsa a wajen garin Sakkwato, ta ɓangaren Wamakko, kusa da fadamar Rima. Waɗanda ake tatsa ba su kai ashirin ba, sai maraƙa da masu tasowa, da ɗaki guda da muke dafa madara mu yi kindirmo da yogot. Masu zuwa neman shawara, yawanci ma'aikatan da suka kusa ritaya ko 'yan kasuwar da kuɗi ya zauna musu, tambayarsu ɗaya ce: nawa ake sayar da saniyar Turawa mai ba da lita ashirin? Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. Saniya ce abu na ƙarshe da za ka saya. Kafin ita akwai ruwa, akwai abinci, akwai inuwa, akwai mutumin da zai san halinta.

Allah ya hore mana Bokoloji, wadda littattafai suke kira Sokoto Gudali, mai gajeren ƙaho da sanyin hali, kuma cikin shanunmu na gida tana daga masu albarkar nono. Akwai Bunaji, akwai Azawak da ke shigowa daga Nijar ta Illela. Matsalarsu ita ce a kiwon gargajiya da ƙyar saniya take wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana bayan maraƙi ya sha. Ita kuwa Friesian zalla, saniyar Turawan da suke tambaya, 'yar ƙasar sanyi ce. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, sai ka gan ta tsaye tana haki, harshe waje, ta ƙi ci, nono ya janye, ciki ya ƙi shiga. Shi ya sa na tsaya a kan ruwa biyu, uwa Bokoloji, uba Friesian. Ana samun maniyyin bijimi daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya da wasu masu sayarwa, ƙwararre ya zo da shi a tukunyar sanyi ya ɗura wa saniyar. Irin waɗannan, in sun ƙoshi, a gonata sukan ba da lita takwas zuwa goma sha biyu.

In sun ƙoshi na ce, kuma nan sana'ar take. Damina a nan gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba, ragowar shekara kuwa abin da ka ajiye shi za su ci. Da an fara girbi nake bin ƙauyuka ina sayen harawa, karan gero da na dawa, ɓawon wake, da karan shinkafa daga masu noman fadama. Harawar da ka saya da sauƙi a Nuwamba, in ka bari sai Afrilu, farashinta zai cinye ribar madarar gaba ɗaya. A sama ake ajiye ta, a inuwa, don rana tana ƙone ganyen, kuma a ganyen amfanin yake. Kara shi kaɗai cika ciki yake yi, ba ya kawo nono; sai an haɗa da dusa da angurya ko ƙuli, da gishirin lasa da ɗan kanwa. 'Ya'yan gawo ma ba na raina su. Muna kuma yin abin da ake kira sailej: a yanki masara tana ɗanya ta fara ƙosawa, a daddatsa, a zuba a rami a danne sosai har iska ta fita, a rufe da leda a bi da ƙasa. Bayan mako uku zuwa huɗu ya nuna, kuma in ba a buɗe ba zai yi watanni. Wanda ya yi kyau ƙamshi yake da ɗan tsami-tsami. Wanda iska ta shiga wari yake, ya yi baƙi, ba a ba saniya shi.

Ruwa kuwa, kusan kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne. Saniya mai tatsa a bazara tana iya shan lita 80 a yini. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse mai sola, ya dakata tukuna.

Aikin yini ana idar da sallar asuba yake farawa. A wanke hannu, a wanke hantsa da ruwan ɗumi a goge. Feshin farko daga kowane kan nono a ƙaramin kofi mai baƙin ciki ake tara shi, a duba: in akwai gudaji ko jini-jini, hantsar ta kamu da ciwo, sai a ware saniyar a tatse ta ƙarshe, madararta ba ta shiga cikin ta sauran. Bokoloji ba ta sakin nono in ba ta ga ɗanta ba, don haka sai a kwance maraƙin ya ɗan tsotsa, a ɗaure shi kusa da kanta tana lasarsa, a tatsa, a bar masa rabonsa. Mai kwaɗayin tatse komai, saniyarsa ta gobe yake kashewa. Haka dakashi, nonon farko bayan haihuwa: dole maraƙi ya sha shi cikin awannin farko, don a cikinsa garkuwar jikinsa take.

Wanda ke riƙe mini garke dattijon Bafillace ne, duk muna ce masa Baffa. Bai yi boko ba, amma yakan tsaya bakin turke ya dubi saniya ya juyo ya tambayi yaro, “Kai, mi tac ci jiya?” Ya ga ba ta tuƙa, hancinta ya bushe, kashinta ya sauya. Irin wannan idon shi ke gane saniya tana neman barbara: ta riƙa kuka, tana hawan 'yan uwanta, in an hau ta ta tsaya cak, farin ruwa mai yauƙi yana fita ta bayanta. Abin ba ya cika kwana guda, kuma in ya wuce sai bayan kwana 21. Ka lissafa: cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, ana daina tatsarta wata biyu kafin ta haihu, ga kuma makonni ukun da aka yi sakaci suka wuce, tana ci ba ta ƙara komai. Asarar mai shanun tatsa a nan take ɓuya, ba a ganinta sai a littafi. Shi ya sa kowace saniya tana da shafinta: ranar barbara, ranar haihuwa, litar safe da ta yamma, allurar da aka yi mata.

Maganar cuta ba na wasa da ita. Rigakafin ciwon huhu duk shekara ne, daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato yake fitowa. Akwai boru mai kama baki da kofato, akwai ciwon hanta da shanu ke kwasowa a jiƙaƙƙiyar fadama, akwai kaska. Saniyar da aka sayo a kasuwar Kara ko ta Acida ba ta shiga garke sai ta yi makonni a keɓe. In abu ya fi ƙarfinmu, Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Madara ba ta jira. A zafin nan, 'yan awanni kaɗan ta juya, sai dai a dafa ko a sanyaya ta zuwa digiri 4. Madarar sha muna riƙe ta a digiri 63 na minti 30, don bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, da tarin fuka suna iya bin ɗanyen nono su kama mutum. Ta yogot muna kai ta 85, ta huce zuwa 43, a zuba iri, wato abin da ke sa madarar ta kama, a rufe awa huɗu zuwa shida. Tawa ba ta isata, don haka ina saye wurin matan rugagen da ke kusa. Ƙarin ruwa ma'auni yana nuna shi nan take. Abin da ido ba ya gani shi ne magani. Nakan tambaya, “Inna, akwai wadda aka yi wa allura cikin makon nan?” Madarar saniyar da ke kan allurar kashe ƙwayoyin cuta, ko kaɗan ce ta shiga, tana kashe irin yogot, tukunya guda ta ƙi kamawa, kuma ba ta dace da cikin yaro ba. A jikin kwalbar maganin an rubuta kwanakin da za a jira. Wadda ta faɗa mini gaskiya ba na barinta ta koma hannu rabbana, nakan rage mata asara, don gaskiyar ta fi mini wannan ƙwaryar daraja.

Yaron da ya zo koyon aiki da shebur yake farawa, kwashe kashi da wanke komi. Takin ma kuɗi ne, masu albasa da shinkafa suna nemansa. In na ga yana da tausayi da haƙuri sai ya koma wurin maraƙa, daga nan tatsa, daga nan riƙe littafi da auna abinci. Mai dukan saniya ba ya wuce matakin farko a wurina, don saniyar da ke tsoron mai tatsarta riƙe nono take yi. Daga riƙe littafi hanya takan rabu. Wani ya zama shugaban garke, wani ya je ya koyi ɗura maniyyi yana zagaya gonaki ana biyansa, wani ya sayi babur da bokitan ƙarfe masu murfi yana tattaro madara daga ruga, wani ya shiga ɗakin yogot. Wanda ya daɗe da ni da amana nakan ba shi karsana cikin ladansa, ta zauna a garkena har ta haihu. Masu digirin kimiyyar dabbobi ma suna zuwa, ina kuma maraba da su, sun san haɗin abinci da lissafi; sharaɗina kawai su yi asubanci tare da Baffa.

Rashin tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, ya taso makiyaya da yawa zuwa kusa da gari, ga shanu ga nono amma ba wurin sanyaya shi. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi. Da za a tambaye ni abin da za ta fara yi a Sakkwato, zan ce a kafa wuraren tara madara kusa da rugage, kowanne da tankin sanyi mai sola da rijiya da ma'aikacin lafiyar dabbobi, a riƙa biyan matan kuɗinsu a kan lokaci.